Babban Yatsan Lijah

Talata, 3 ga Disamba, bayan sallar asuba

Tun ranar da na sayar da jirgina na kamun kifi nake jiran amsa daga mutanen asusun ajiyar nan, har kaina ya yi fari ba su ba ni ba. A ranar na shiga ofishinsu na cikin gari da kuɗin jirgin ƙunshe a zane, matata Lijah tana biye da ni. Akawun ya ce ƙwayar jari ɗaya ringgit ɗaya ce, yau haka gobe haka, ba ta hawa ba ta sauka, kuma duk ƙarshen shekara a raba riba. Na ce ni masunci ne, ban taɓa ganin abin da ba ya hawa ba ya sauka ba. In rana ta ɓaci, wa zai tsaya min? Takarda kawai ya turo ya ce in sa hannu. Na rubuta sunana, Sulong, da haruffan allo, don shi ne iyakar karatuna. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya nuna wa na kusa da shi. Sai ya kira ni Pak Cik, yadda ake kiran dattijo a nan, dattijuwa kuma Mak Cik.

"Pak Cik, wannan suna ne ko sawun ƙaguwa a yashi? Dangwala mana kawai."

Sai na tura ƙunshin gaban Lijah na ce a rubuta sunanta, ni yatsana ba zai taɓa takardarsu ba. Haka aka yi. Har yau ban ga laifina a ciki ba.

Lijah tana asibiti tun ranar Alhamis. Likita ya ce babu sauran abin da za su yi mata wanda ba za a yi a gida ba, in dai akwai gado mai ɗagawa, da na'urar iskar numfashi, da mai jinya da za ta riƙa leƙowa. Kuɗin suna nan. Zan je in ɗebo in dawo da ita ɗakinta. Shi ke nan abin da ya rage.

Laraba, 4 ga Disamba, bayan azahar

Na je tare da 'yata Norizan, wadda ta baro aikinta na masana'anta a Kuantan. Akawun dā ya tafi, Allah ya raka. Wata yarinya ce mai tabarau a wurin, Haslinda. Na ajiye littafin asusu a gabanta.

"Pak Cik, asusun na Mak Cik Lijah ne. Ita za ta zo da katin shaidarta ta ɗora yatsa a nan."

"Tana kwance."

"Allah ya ba ta lafiya. In ta ji sauƙi..."

"Ni ne mijinta. Kuɗin nan jirgina ne."

"Ni na yarda. Na'ura ce ba ta san jirgi ba."

Na tambaye ta nawa za su yanka in an ɗiba. Ta ce ko sen ɗaya, wannan asusun ba kuɗin shiga ba kuɗin fita. Na ce ƙofar ce dai babu. Norizan ta taka min ƙafa.

Sai ta soma wata magana ta takardar kyauta, wai wadda mai asusu ke cikawa tun yana da rai. Na ce wa ya gaya miki wani zai mutu? Na san takardar. An taɓa kawo mana ita aka ce sai an biya wani abu duk shekara. In biya kuɗi don matata ta ba ni kuɗina? Na kori mai ita.

Ta ce za ta roƙi na sama da ita su bar ta ta kai na'urar asibiti. Na ce yaushe. Ta ce sai sun amsa. Su ma ashe ba sa amsa wa nasu.

Alhamis, 5 ga Disamba, da magariba

Mako guda. Ta ƙofar baya nake shiga gida yanzu, ta fi kusa da rijiya.

Juma'a, 6 ga Disamba, bayan saukowa daga masallaci

Na tsaya rumfar kofi. Endut yana nan, wanda muka ja raga tare tun muna samari, bakinsa har yau bai tsufa ba.

"Ga attajirin ringgit ɗaya ya iso. A ba shi baƙin kofi, kada a sa madara riba ta ragu."

"Kai da ko asusun gwangwani ba ka da shi."

"Nawa na ci shi da raina, ga shaida," ya shafa tumbi.

Da mutane suka ragu ya matso da kujera. Wai liman ya ce a zagaya da faranti bayan sallah, kowa ya sa abin da ya samu, a ɗauko Lijah kafin ruwa ya yi ƙarfi. Na ce faranti na wanda ba shi da shi ne. Ni ina da shi. A bakin tekun nan kaf wa ya sayar da jirgi bai taɓa kuɗin ba sai ni? Ya ce shi ya sa ake maganar. Na biya kofina na tashi.

Shi fa Endut ɗin nan shi ya koya min tun farko cewa ba a taɓa asusu sai an raba riba, wai ɗan abin da ka cire ana yanke maka na shekara. In ya manta ni ban manta ba.

Asabar, 7 ga Disamba, la'asar

Ranar da aka kawo ta asibiti tana iya magana kaɗan. Abang take kirana, wato yaya, abin da ta ce min shi ne, "Abang, tuluna a buɗe suke." Sai kuma, "Kai ni gida." Tun daga nan bakin ya karkace, magana ta tsaya. Amma idonta yana ƙofa. Duk wanda ya shigo sai ta dube shi ta dubi hannunsa, ko ya zo da zanenta na fita.

Na ce mata saura kaɗan, kuɗi na hanya. Ta rufe ido. Lijah in ba ta yarda da magana ba haka take yi tun muna yara.

Na rufe tulunan budu, romon kifi da gishiri da take tsimawa, tun ran nan. Na ɗora musu kwano na danne da dutse.

Litinin, 9 ga Disamba, da hantsi

Norizan ta ce za ta ci bashi a wurin aikinta a sayi gadon. Na ce mai kuɗi ba ya cin bashi, ta bari na'ura ta zo. Tana wanke shinkafa, ta ajiye ƙwaryar. Ayah take ce min, uwarta kuma Mok.

"Ayah, sau nawa Mok ta ce a ciro kuɗin katako?"

"Ba wannan muke yi ba."

"Tun kafin azumi take faɗa. Ta ce takin tsakiya na matakalar gaba yana lotsawa, ga shi ya karye da ita. Me Ayah ya ce mata?"

"Ki rage murya, akwai maƙwabta."

"Ka ce a bari Janairu."

Na tashi na fita tsakar gida. Ba don ba ni da amsa ba. Yaran yanzu in an sa su makarantar gwamnati sai su dawo suna yi wa iyayensu tambaya kamar 'yan sanda. Matakalar nan mahaifina ya kafa ta, ta ɗauki mutanen da suka fi Lijah nauyi.

Laraba, 11 ga Disamba

Ruwa tun jiya. Kogi ya haye gada, hanyar gari ta yanke, ba zuwa wurin Lijah. Ban gan ta ba.

Alhamis, 12 ga Disamba

Ban gan ta ba.

Juma'a, 13 ga Disamba, da yamma

Norizan tana can, ruwan ya rufe ta a asibiti, gara haka. Ta bugo wa matar Endut, aka kawo min wayar. Ta ce an ƙara wa Mok iska. Na ce ta kara mata wayar a kunne. Na ce mata tulunan suna rufe, ruwa bai shiga ba.

Lahadi, 15 ga Disamba, bayan isha

Haslinda, yarinyar ofishin asusu, ta cika alkawari, wannan zan rubuta mata. Ta zo da na'urar a jaka, siket ɗinta jiƙe har gwiwa. Ta durƙusa gefen gado ta ce, "Mak Cik, aron yatsa na zo, yanzu zan mayar." Ta sa katin, ta kama babban yatsan dama ta ɗora a kan ɗan gilashin. Fitila ta yi ja.

Ta goge yatsan ta sake. Ja. Ta shafa mai. Ja. Wata mai jinya ta ce a goga shi a goshi, wai maiƙon goshi yana fito da layi. Matar gadon kusa ta ce a hura masa iska, haka aka yi wa mijinta a banki. Duk an yi. Aka koma na hagu, hannun da ba ya motsi, Norizan ta riƙe shi da hannu biyu.

Haslinda ta ɗaga yatsan wajen taga ta duba. Ni ba sai na duba ba. Sumul yake kamar bayan cokali. Tun kafin a haifi yarinyar nan Lijah take cuɗa ƙananan kifi da gishiri tana dannawa a tulu, damina da rani. Duk budun da ake ci da shinkafa a ƙauyenmu daga hannun nan ya fito. Da kuɗinsa muka ci muka sha, shi ya sa ba a taɓa asusun ba. Gishiri ya cinye layukan.

"Yaushe rabon da ta ɗora yatsa a wurinmu?"

"Ba ta taɓa cira ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ba a taɓa asusu."

Ta dube ni ta cikin tabarau. Sai ta ce akwai wata hanya. Ofishin katin shaida su ba da takarda cewa layukan sun goge, likita kuma ya rubuta cewa tana cikin hankalinta ta yarda a cira. Aka kira likita. Ya ce, Mak Cik, in kin yarda ki ƙifta ido sau biyu. Lijah ta dube shi, ta dube ni, ta mai da ido ƙofa. Ya ce a sake gwadawa gobe.

Na raka yarinyar bakin matakalar asibiti. Na ce ina da tambaya, ba tawa ba ce, ta wani ce a ƙauyenmu. In mutum ya ciri kuɗin katako biyu da ƙusa wata biyu kafin rabon riba, nawa zai rasa? Ta ce ai wata-wata ake lissafin, abin da ya cira kawai ke rasa ribar watannin da suka rage. Ta latsa wayarta.

"Kamar kuɗin kofi biyu, Pak Cik. In da madara."

Yarinyar tana da kirki, amma ba ta iya lissafi ba.

Litinin, 16 ga Disamba, azahar

Ofishin katin shaida. Na zauna har lambata ta fito. Mutumin ya ce in kawo ta su gani. Na ce da zan iya kawo ta nan ai da gida na kai ta. Ya ce suna da masu fita wurin marasa lafiya, amma duk suna wurin waɗanda ambaliya ta cinye wa katuna, sai bayan sabuwar shekara. Na ce ya rubuta min sunansa. Ya rubuta, har da murmushi. Ban iya karanta irin rubutunsu ba, ya sani.

Likita ya sake gwadawa. Ba ta buɗe ido ba.

Laraba, 18 ga Disamba, da safe

Na duba nawa yatsan a hasken taga. Layukan suna nan rangaɗau, igiyar raga ba ta ci su ba. Ban san abin da ya sa na duba ba.

Alhamis, 19 ga Disamba

Numfashinta yana ƙara kamar ana jan guga a rijiya. Na ce saura kaɗan. Na ce saura kaɗan. Norizan ta fita waje.

Juma'a, 20 ga Disamba, bayan masallaci

Na ce wa Endut ya gaya wa liman ban hana ba. Ban ce a yi ba. Na ce ban hana ba.

Farantin ya wuce ta gabana a sahu. Na ga hannun mutanen da ruwa ya kwashe musu kaji da katifa makon jiya suna sakawa. Na dubi tabarma har aka gama.

Asabar, 21 ga Disamba, azahar

Endut ya zo da katako biyu da guduma a kan babur. Bai yi min wasa ko ɗaya ba, na so ya yi. Muka ɓalle abin da ya rage na tsohon takin, ya jefa shi ƙarƙashin gida, ni ban kalla ba. Mun fara da hantsi, kafin kiran salla mun gama.

Ya hau ya yi tsalle a kai da tumbinsa. Ya ce, "Ko saniya ta hau." Sai ya zauna a kan takin ya rufe fuska da hularsa.

Lahadi, 22 ga Disamba, la'asar

Norizan ta biya kafin alƙalami na gado da na'urar iska. Ranar Talata za a kawo. Na share ɗaki, na matsar da kabad don gadon ya fuskanci taga, ta riƙa ganin tulunanta. Na gaya mata a kunne: jibi. Na ce an gyara matakalar gaba. Na riƙe hannun dama, ina jin yatsan nan mai santsi a tafina. Ina ganin ta matsa. Norizan ta ce ba ta gani ba, amma ai ba hannunta aka riƙe ba.

Litinin, 23 ga Disamba, bayan magariba

Lijah ta dawo gida. Mutum huɗu suka hau da ita ta ƙofar gaba. Matakalar ko ƙara ba ta yi ba.

Talata, 24 ga Disamba

Mata sun zauna a jere sun miƙe ƙafafu, aka ɗora ta a cinyoyinsu aka yi mata wanka, Norizan ce a wajen kai. Ana cikin haka motar gado ta tsaya a bakin hanya. Samari biyu suka sauko da shi har tsakar gida, suka ga takalma a ƙasan matakala, suka tsaya. Endut ya je ya yi musu magana. Suka mayar.

Ƙasar ta jiƙe, sai da aka yi ta kwalfe ruwa daga ramin kabarin.

Laraba, 25 ga Disamba

Ba komai.

Juma'a, 27 ga Disamba, da safe

An taru jiya an yi mata addu'a. Ƙanenta Ngah ya zo daga Dungun, rabonsa da gidan nan tun bikin Norizan. Ya ci shinkafa da budunta har da ƙari. Da zai tafi ya ja ni gefe.

"Abang Long, ba yanzu ba, na san ba lokacinsa ba ne. Amma na ji an ce Yaya tana da ɗan abu a asusun nan."

Na ce takalminka na can ƙasa.

Rediyon rumfar kofi ya faɗi ribar bana. Mutane suna ta murna, wai ta fi ta bara. Mai rumfa ya hango ni ya kashe.

Alhamis, 2 ga Janairu, azahar

Na koma da takardar asibiti. Haslinda ta taso daga kujerarta ta zagayo, ta zauna kusa da ni a benci. Ta ce yanzu asusun a rufe yake sai an raba gado. Akwai ofishin da ke wannan aiki, za su ɗauki watanni, kuma za su yanki ladansu daga ciki. Da an cika takardar kyauta da ba a bi ta nan ba. Ta faɗe shi a hankali, tana kallon ƙasa. Rabi na Norizan, rubu'i nawa, saura na Ngah. Rabon Allah ne, ban ja da shi ba. Amma Ngah bai taɓa jiƙa ƙafarsa a jirgin nan ba.

Ta nuna min takarda. Wai riba ta shiga jiya, cif.

"Uwar kuɗin ba ta ragu ba, Pak Cik. Ko sen ɗaya."

"Gwamnati ce ta lamunce?"

"A takarda ba a rubuta lamuni ba. Farashin ne ba ya motsi. Amma ba a taɓa asara ba."

"Ba a taɓa ba?"

Ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa.

Na ce tambayar da na yi wa na gabanta ita zan yi mata. In rana ta ɓaci wa zai tsaya min? Ta ce za ta kai maganar sama. Na ce saman nan dai, tun ina da baƙin gashi ake kai maganata can.

Asabar, 4 ga Janairu, bayan sallar asuba

Norizan ta koma Kuantan jiya. Ta sumbaci hannuna a bakin mota, ba ta ce komai a kan katako ba. Gara ta faɗa.

Ruwa ya ɗauke. Na ɗaga duwatsun na buɗe tulunan su sha iska, kamar yadda take yi. Na ƙarshen, wanda ta cika da safiyar Alhamis ɗin nan kafin ta ɗauko kwando ta nufi matakalar gaba, gishirin samansa ya daskare. Ta danna shi da hannu ta zagaye bakin tulun. Gurbin babban yatsanta yana nan, ɗaya bayan ɗaya, mai ɗan karkata hagu saboda ƙaya da ta taɓa soke ta. Daga tsaye na gane shi. Ni da aka ce rubutuna sawun ƙaguwa ne.

Gobe Lahadi ofis a buɗe. Endut zai ɗaure min tulun a bayan babur, in ya ƙi in ɗauka a ka. Zan hau da shi in ajiye a kan teburinsu kusa da na'urar. Ba kuɗi zan je karɓa ba, su ba Ngah, su ba wanda suka ga dama. Kuma kada a turo min yarinyar, ita ta zo cikin ruwa, ta yi nata. Babbansu nake so, wanda ya ce ringgit ɗaya ringgit ɗaya ce har abada. Ya sauko ya leƙa tulun nan ya gaya min ko yatsan waye. Sannan ya gaya min, tunda kuɗin suna nan lafiya ba abin da ya same su, wa aka ajiye wa su, kuma ranar da ta ce a kai ta gida wa ya tsaya.

Zan zauna a bencin. In sun rufe in dawo Litinin. Ni Sulong ne, mijin Lijah mai budu, kuma wannan karon sai wani ya amsa min.